Ƙunar da Ido Ba Ya Gani a Jikin 'Yan Kwana-kwana

Daga wani Jami'in Ilmi na Lardi

Jama'a, kowa ya san 'yan kwana-kwana. In mun ji jiniyarsu bisa titi mukan kauce mu ba su hanya. In sun iso da wuri mu yaba musu, in sun makara ko ruwansu ya ƙare mu yi ta zaginsu, wani lokaci har da jifa. Da wuta ta mutu sai taro ya watse. Masu hasara su koma lissafin hasararsu, waɗanda aka yi wa rasuwa su shiga zaman makoki, jar motar nan kuwa a nannaɗe mesarta ta koma tasha. Kaɗan ne cikinmu suka taɓa tsayawa suka ce, shin mutumin nan da ya fito da gawar yaro a hannunsa, yaya ya kwana a wannan dare?

Abin da mu ke so mu duba ke nan yau. Don kada magana ta tsaya ga zato, mun zaɓi gobara guda wadda aka bincika ƙwarai, aka kuma rubuta shaidar ma'aikatanta dalla-dalla, watau gobarar dogon benen nan na birnin Landan da a ke kira Grenfell.

DAREN 14 GA YUNI

Grenfell bene ne mai hawa 24 a yammacin Landan. An gama gininsa cikin 1974. Yawancin mazaunansa masu ƙaramin ƙarfi ne da ke haya a hannun hukumar gunduma, da yawansu kuwa asalinsu daga Maroko ne, da Sudan, da Eritriya, da Siriya da sauran ƙasashe. Tsakanin 2015 da 2016 aka yi wa benen kwaskwarima, aka lulluɓe bayansa da fallayen alminiyam masu roba a tsaki. Robar nan in ta sami wuta ci ta ke yi kamar an zuba mata kananzir.

Ran Laraba 14 ga Yuni, 2017, ƙarfe ɗaya saura minti 6 na dare, wani magidanci a hawa na 4 ya buga waya ya ce firjinsa ya kama wuta. Cikin minti 5 motocin farko suka iso. Ma'aikata suka shiga suka kashe wutar ɗakin girki, amma ashe ta riga ta leƙa ta taga ta kama lulluɓin waje. Kafin ƙarfe ɗaya da rabi ta kai ƙololuwar bene. Lokacin watan azumi ne, sabo da haka waɗansu Musulmi suna farke suna jiran sahur, su ne suka yi ta buga ƙofofin maƙwabta.

A nan sai mun yi wa masu karatu bayanin wata ƙa'ida, don ita ce cibiyar labarin. A Ingila akan gina irin waɗannan benaye yadda kowane sashe zai tsare wutarsa a cikinsa har a zo a kashe. Bisa ga haka abin da a ke koya wa mazauna, a ke kuma koya wa 'yan kwana-kwana, shi ne, in wuta ba a sashenka ta ke ba, rufe ƙofa ka zauna, za a zo gare ka. Shekara da shekaru ƙa'idar nan tana aiki. A wannan dare lulluɓin robar ya warware ta, wuta ta riƙa shiga sassa ta tagogi, sama da ƙasa. Duk da haka ba a janye umurnin zama ba sai ƙarfe 3 saura minti 13. Kafin nan matakala, wadda ita kaɗai ce a benen duka, ta cika da baƙin hayaƙi.

'Yan kwana-kwana wajen 250 suka yi aikin. Tukunyar iskar da yawancinsu ke goyawa ba ta wuce kimanin rabin sa'a, a cikinta zai hau, ya nema, ya sauko. Waɗansu sun kai hawan da aka aike su iskarsu ta kusa ƙarewa, tilas suka juyo. Waɗansu sun tuɓe abin shaƙarsu sun ba wanda suka ɗauko, abin da doka ta hana. Mutum 72 suka rasu sabo da gobarar, 18 daga cikinsu yara. Ba ɗan kwana-kwana ko ɗaya da ya mutu. Da gari ya waye aka ga sun fito da ƙafafunsu, sai a ce sun tsira.

WAƊANDA SUKA JI DA KUNNE

Ga misali guda daga shaidar da aka bayar gaban hukumar bincike. Wani ma'aikaci ya gamu da wata budurwa a ƙasan bene, ta ba shi mabuɗi ta ce ƙanwarta 'yar shekara 12 tana hawa na 20. Ya hau, ya shiga sashen cikin hayaƙi, ya laluba, bai sami kowa ba. Ashe yarinyar ta gudu sama, zuwa hawa na 23, tana kan waya da ɗakin karɓar kira. Matar da ta ɗauki wayar ta zauna da ita kusan sa'a guda, tana lallashinta, har muryar ta ɗauke. Mutum biyu ke nan, ɗaya ya nema bai gani ba, ɗaya ta ji ba ta da hannun miƙawa. Kowannensu ya koma gida da yarinyar nan a ransa.

Mun kawo zancen masu karɓar waya da gangan, don su aka fi mantawa. Suna zaune cikin ɗaki mai nisa daga wutar, ba hayaƙi, ba zafi. Amma su ne suka gaya wa iyaye su toshe ƙarƙashin ƙofa da jiƙaƙƙen tawul su jira, kamar yadda aka koya musu. Daga baya su ne aka umurta su gaya wa mutanen nan su fita ko ta halin ƙaƙa, bayan hanya ta toshe. Wanda ya faɗi magana da bakinsa, aka bi ta aka mutu, nauyin da ya ke ɗauke da shi dabam ne da na wanda ya ga gawa kurum.

Da aka fara sauraron shaida cikin 2018, jami'in da ya fara shugabancin aikin daren ya zo gaban hukuma. Aka nuna hoton wutar a majigi, sai hawaye suka zubo masa, har aka dakatar da zama. Shekara guda ke nan bayan gobarar.

SUNAN CIWON

Ciwon nan ya daɗe a duniya kafin ya sami suna. A Yaƙin Duniya na Farko sojoji da yawa suka riƙa makyarkyata, waɗansu suka bebance, alhali ba rauni a jikinsu. Manyansu da yawa suka ce raki ne da ragwanta. Rundunar Ingila ta harbe mutum 306 bisa laifin gudu ko tsoro da makamantansu, ba a yafe musu ba sai cikin 2006. Cikin 1980 ne ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon cikin littafinta na cututtuka, bayan abin da aka gani ga sojojin da suka komo daga Biyetnam. Turawa na taƙaita sunansa da haruffa huɗu, PTSD. Mu a nan za mu kira shi ciwon bayan firgita.

Ga yadda ya ke aiki. In mutum ya shiga haɗari, jikinsa kan shirya don faɗa ko gudu: zuciya ta yi ta bugawa, numfashi ya ƙaru, ido da kunne su buɗe. Wannan shiri shi ke sa ɗan kwana-kwana ya hau hawa 20 da kaya masu nauyi. Ga yawancin mutane, in haɗari ya wuce jiki kan sauka, abin da ya faru ya koma labari, mai farko da ƙarshe. Ga waɗansu kuwa ba ya komawa labari. Yana nan ɗanye, guntu-guntu. Ƙaurin nama a gidan maƙwabci, ko kukan yaro, ko ƙarar waya, sai ya mai da mutum cikin matakalar nan kamar yanzu a ke yi.

Alamunsa sanannu ne. Mugun mafarki mai maimaita kansa, da zabura a kan ƙaramin motsi, da rashin barci, da saurin fushi. Mutum ya riƙa kauce wa titin da abin ya faru, ko ya ƙi zancen sam. Wani ya daina jin daɗin kome, ya zauna cikin iyalinsa kamar baƙo. Wani ya nemi barci a kwalbar giya ko ƙwaya. Sau da yawa uwargida ce ke fara ganewa, don ita ke kwana kusa da mai firgita. Amma a lura, samun waɗannan alamu cikin makonnin farko ba ciwo ba ne, haka jiki ke yi, kuma yawanci sukan lafa da kansu. Likitoci ba su kiransa ciwo sai ya wuce wata guda yana hana mutum aiki ko zaman gida.

Wani likita a Ostareliya, Alexander McFarlane, ya bi 'yan kwana-kwana 469 da suka yaƙi babbar gobarar daji ta watan Fabrairu 1983. Ya duba su bayan wata 4, da wata 11, da wata 29. Ya tarar waɗansu da suka yi kamar lafiya lau da farko, sai daga baya ciwon ya bayyana. Ya kuma tarar cewa girman abin da mutum ya gani ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba, har da wahalolin da ya riga ya sha kafin ranar. Wannan ya dace da abin da tsofaffin ma'aikata kan faɗa, cewa sau da yawa ba babbar gobara ke karya mutum ba, tarin ƙanana ne na shekara ashirin, sai wata rana a sami yaro mai kama da ɗansa.

Ƙarshen abin kan yi muni. Wata gidauniya a Amurka mai suna Ruderman ta ƙidaya cewa cikin 2017 'yan kwana-kwana aƙalla 103 suka kashe kansu a ƙasar, alhali waɗanda suka mutu a bakin aiki 93 ne.

GARIN NEMAN GIRA

To, mene ne magani? A nan masana suka yi gardama mai tsawo, kuma gardamar tana da amfani gare mu.

Cikin 1983 wani Ba'amurke, Jeffrey Mitchell, wanda shi kansa ya yi aikin kwana-kwana da na agaji, ya fito da wata dabara. Cikin kwana ɗaya zuwa uku bayan mummunan aiki, a tara ma'aikatan a ɗaki guda, kowa ya faɗi abin da ya gani, da abin da ya yi tunani, da abin da ya fi ci masa rai. Dabarar ta yaɗu ƙasashe da yawa, don hankali na karɓarta: a fitar da mugunya kafin miki ya rufe. Amma da aka gwada ta bisa ƙa'idar bincike sai aka ga abin mamaki. Cikin 2002 waɗansu masana a Ingila suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, suka tarar zama ɗaya na tona zuciya ba ya hana ciwon. A gwaji biyu ma, ɗaya kan waɗanda suka ƙone, ɗaya kan waɗanda suka yi haɗarin mota, waɗanda aka yi wa zaman sun fi sauran wahala daga baya. Garin neman gira aka taɓa ido.

Don adalci, magoya bayan Mitchell sun amsa cewa gwaje-gwajen nan an yi su ne kan majiyyata ɗai-ɗai, shi kuwa ya tsara dabararsa don rukunin abokan aiki. Maganarsu tana da kama. Duk da haka hukumar da ke tsara ƙa'idojin jiyya a Ingila ta yanke shawara cikin 2005 cewa kada a mai da irin zaman nan al'ada ga kowa. Abin da ta fi so shi ne a sa ido, a jira, a sake duba mutum cikin wata guda. Wanda ciwon ya kama shi sosai a kai shi ga gwani, su zauna kamar sau 8 zuwa 12, suna bin abin da ya faru sannu-sannu har ya koma labari. Akwai kuma wata hanya da wata Ba'amurkiya, Francine Shapiro, ta fito da ita wajen ƙarshen shekarun 1980, inda majiyyaci ke tuna abin yana bin yatsan mai jiyya da ido hagu da dama. Mutane da yawa na warkewa ta waɗannan hanyoyi, su koma bakin aikinsu.

Amma wa zai sa idon? Sojojin ruwan Ingila suka ba da amsa mai kyau wajen ƙarshen shekarun 1990. Suka riƙa zaɓen waɗansu daga cikin sojojin, ba likitoci ba, a horar da su kwanaki kaɗan. In abu ya faru, irin wannan abokin aiki zai zauna da mutum bayan kamar kwana uku, ya sake zama da shi bayan wata guda, ya duba ko yana barci, ko ya fara shaye-shaye, ko yana ɗora wa kansa laifi. In abin na ƙaruwa ya raka shi wurin likita. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana da yawa a Ingila sun ɗauki wannan tsari. A ganinmu hikimarsa a fili ta ke. Labarin zuciya a tambayi fuska, wanda kuwa ya fi sanin fuskar mutum shi ne wanda su ke cin tuwo akushi ɗaya.

SHUGABA TA FARA FAƊA

Mu koma Landan. Jaridun Ingila sun ba da labari cewa shekarun da suka gabaci gobarar an rage masu ba ma'aikatan shawara daga 14 zuwa 2, don tsimin kuɗi. Da abin ya auku sai aka shiga neman taimako daga waje, aka kuma ƙaro ma'aikata.

Shugabar 'yan kwana-kwanan Landan a lokacin, Dany Cotton, ita ce mace ta farko da ta riƙe muƙamin. Ta shiga aikin cikin 1988 tana da shekara 18, watanni kaɗan bayan haka aka aike ta haɗarin jirgin ƙasa na Clapham inda mutum 35 suka mutu. Bayan Grenfell ta fito fili ta ce ita kanta tana ganin mai ba da shawara, ta kuma shaida wa hukumar bincike cewa abubuwa da yawa na daren sun ɓace mata daga tunani. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a aikin da a ke ɗaukar kuka abin kunya. In babba ya ce ciwo ya kama shi, ƙaramin ma'aikaci ya sami ƙofar faɗin nasa ba tare da tsoron a ce ya gaza ba.

Ba mu ce ba ta da laifi ba. Ta gaya wa hukumar cewa ba abin da za ta sake cikin yadda aka yi aikin daren, maganar da ta ƙona ran iyalan mamatan. Rahoton farko na tsohon alƙali Sir Martin Moore-Bick, wanda ya fito cikin Oktoba 2019, ya zarge ta a kan haka, ta kuwa bar aiki ƙarshen shekarar. Rahoton ya yaba jaruntar ma'aikata ɗai-ɗai, amma ya ce hukumarsu ba ta horar da su kan wutar lulluɓin bene ba, ba ta kuma koya musu yaushe ne za a janye umurnin zama a kwashe mutane ba. Alhali kuwa cikin 2009 an yi gobara a wani bene na kudancin Landan, Lakanal, mutum 6 suka mutu, waɗansunsu suna jiran ceto kamar yadda aka gaya musu.

Mu da aikinmu ya ke horon malamai, wannan wuri ya fi tsaya mana a rai. Mun san in ka koya wa ɗalibi hanya ɗaya tak, ka ce masa ba ta taɓa ɓata, ranar da ta ɓata kansa zai zarga, ba wanda ya koya masa ba. Rabin nauyin da ma'aikatan Grenfell suka ɗauka da-na-sani ne: da na hau hawa ɗaya gaba, da na ce mata ta fito tun da wuri. Horo nagari da an yi shi tun farko da ya rage gawa, ya kuma rage wannan da-na-sanin.

Cikin 2024 aka sasanta ƙarar da 'yan kwana-kwana 114 suka kai, aka biya su fam miliyan 20, sabo da cutar da suka samu a jiki da kuma a zuciya. Waɗansunsu ba su iya komawa aikin ba. Rahoton ƙarshe ya fito ran 4 ga Satumba, 2024, ya ce duk mutuwar nan abin da za a iya kaucewa ne. Cikin Fabrairu 2025 Gwamnati ta sanar za a rushe benen.

NAMU NA GIDA

Ba mu da bene irin Grenfell a yawancin garuruwanmu, amma abin da ido ke gani ɗaya ne. Cikin Oktoba 2024 tankar mai ta fashe a Majiya ta Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka mutu. Cikin Fabrairu 2025 gobara ta ci almajirai 17 a wata makaranta a Ƙauran Namoda. Hannuwan mutane ne suka ɗauki gawarwakin nan: 'yan kwana-kwana, da 'yan sanda, da 'yan agaji, da samarin gari.

Al'adarmu tana da abin da Turawa ke nema da kuɗi. Ba mu barin wanda aka yi wa rasuwa shi kaɗai, mukan zauna da shi kwana da kwanaki, ba mu kuma tilasta masa magana. Sai dai zaman nan na dangin mamaci ne. Wanda ya ciro gawar ba mai zuwa yi masa sannu, gobe da safe yana layin fareti. In ya fara zabura cikin dare sai a ce iska ce ta taɓa shi, in ya fara faɗa da iyali a ce halinsa ya sake.

Abin da mu ke roƙon shugabannin tashoshi ba mai tsada ba ne. A rubuta sunan duk wanda ya je mummunan aiki, har da wanda ya ɗauki waya. A ba shi abinci da hutu, a bar shi ya yi magana in ya so, ya yi shiru in ya so. A sa wani dattijon abokin aiki ya duba shi bayan kwana uku, ya sake dubawa bayan wata, ya kuma tambayi maiɗakinsa yadda ya ke kwana. In abin bai lafa ba, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. Cikin Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana a wulakanta mutum sabo da irin wannan ciwo. Ya kamata a karanta wa kowane sabon ɗan kwana-kwana wannan sashe nata tun yana makarantar horo, ranar da a ke koya masa ɗaura tukunyar iska.